Yadda ake cire fentin da aka shafe tsohon akwatin wasan bidiyo da shi ba tare da an ɓata zanen asali ba

Duk wanda ya taɓa ganin tsohon akwatin wasan bidiyo na tsaye, irin wanda ake jefa wa tsabar kuɗi kafin ya ba mutum damar wasa, zai lura cewa da yawansu baƙaƙe ne wuluk daga sama har ƙasa, alhali ba haka suka fito daga masana'anta ba. Lokacin da kamfanin Taito na Japan ya fitar da Space Invaders a 1978, Namco ya biyo da Pac-Man a 1980, Nintendo kuma da Donkey Kong a 1981, kowane wasa da akwatinsa yake zuwa, da launinsa, da zanen da aka yi masa a gefe don ya ja idon mai wucewa. Sai dai wasa yakan tsufa, kuɗin da yake kawowa ya ragu, mai gidan wasa kuma ba zai jefar da lafiyayyen akwati ba, don haka sai ya cire allon lantarkin da ke ciki ya sa na sabon wasa, sa'annan ya ɗauko burushi ya shafe tsohon zanen don kada hoton waje ya saɓa da abin da ake gani a ciki. Wannan ɗabi'a ta yawaita daga tsakiyar shekarun 1980, bayan da ƙungiyar masu ƙera na'urorin wasa ta Japan, wato JAMMA, ta fito da mahaɗar waya iri ɗaya mai haƙora 56, wadda ta mayar da sauya wasa aiki mai sauƙi.

Akwatin da na koyi wannan aiki a kansa na same shi ne a wani ɗakin ajiya a nan Damagaram, yana jingine a bango ƙura ta rufe shi, kuma fenti hawa biyu ne a jikinsa: baƙi a ƙasa, sai wani kore mai sheƙi, irin wanda ake shafa wa ƙofofin ƙarfe, a sama. Na yi kusan wata biyu a kansa, kuma abin da zan bayyana a nan shi ne tsarin da na ga ya fi kare zanen da ke ƙasa, domin shi ne ainihin dukiyar akwatin. Katako ana iya sayen wani, waya ana iya sauyawa, amma zanen da aka yi a masana'anta shekara arba'in da suka wuce, in ya narke a kan tsumma, ya tafi ke nan.

Sanin abin da ke ƙarƙashin fentin

Kafin a buɗe gwangwanin kowane sinadari, a fara da ido. A kai akwatin wuri mai duhu, a haska gefensa da tocila a karkace, ta yadda hasken zai bi fuskar katakon a kwance. Idan akwai zane a ƙasa, za a ga ɗan tudun layukansa ko bakin ledar da aka manna suna fitowa kamar inuwa. Daga nan a buɗe ƙofar baya a duba ciki, domin masu shafa fenti ba su cika wahalar da kansu da cikin akwati ba: a can ake samun lambar masana'anta, da takardar da ke ɗauke da sunan wasan, da feshin launin asali da ya tsallake zuwa ciki. Ƙarƙashin robar da aka cusa a tsagin bakin katako, da bayan ƙofar kuɗi, da ƙarƙashin kan kusoshi, duk wurare ne da launin farko yake ɓuya.

Dalilin wannan bincike shi ne kamfanonin ba hanya ɗaya suka bi ba wajen yin zane. Kamfanin Williams na Amurka, mai wasannin Defender da Joust, fesa fenti yake yi ta cikin yankakken faranti, kamar yadda masu rubutun allon shago suke fitar da haruffa, don haka zanensa fenti ne a kan fenti, kuma shi ya fi wuyar cetowa. Atari ya fi amfani da zanen da aka buga a kan farar leda mai kauri wadda ta rufe gefen akwatin. Nintendo kuwa yakan ba akwatin launi ɗaya mai santsi, kamar shuɗin Donkey Kong, ya manna hoton a tsakiya. Leda da fuska mai santsi suna sakin fentin da aka ɗora musu cikin sauƙi, amma tawadar da ke kan ledar siririya ce ƙwarai, gugar da ta wuce kima tana ɗauke ta.

A kuma duba irin katakon. Idan aka ga bakinsa hawa-hawa, to filawud ne, yana jure ɗan jiƙa. Idan kuwa aka ga kamar dusar katako ce aka matse da gam, to a san cewa ruwa ne babban abokin gabarsa, domin da zarar ya sha sai ya kumbura ya marmashe, kuma ba ya komawa yadda yake. A ƙwanƙwasa gindin akwatin da bayan sukurdireba, saboda gara takan cinye ciki ta bar fenti a tsaye, wurin da ya yi ƙarar holoƙo kuma ba a danna shi da ƙarfi wajen kankara.

Kwance kayan ciki da shirya wurin aiki

A ɗauki hoton kowace kusurwa da waya kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, musamman yadda wayoyi suke haɗe. Sai a cire allon suna da ke can sama, da gilashin gaba, da teburin maɓallai, da ƙofar kuɗi, da allon lantarki, a zuba kusoshin kowane ɓangare a ledarsa a rubuta suna. Robar bakin katako a zare ta a hankali da ɗan lebur ɗin ƙarfe don kada tsagin ya fashe.

Akwai abu ɗaya da ba na ba kowa shawarar ya yi da kansa sai in sana'arsa ce, wato taɓa talabijin ɗin da ke ciki. Irin tsohon nan ne mai tudun baya, yana aiki da wuta mai ƙarfin kimanin volt 20,000, kuma yana iya riƙe ta a jikinsa ko bayan an zare waya daga bango da daɗewa. A kira mai gyaran talabijin wanda ya saba da irinsu ya sauke wutar, ya cire shi, a ajiye shi a ɗaki a kan tsohon bargo, a kiyaye siririn wuyansa na baya domin nan ne yake saurin karyewa.

Idan akwatin ya zama fanko, a kwantar da shi a gefe ɗaya a kan tabarma da bargo, gefen da za a yi wa aiki yana kallon sama. Irin waɗannan akwatuna in suna cike sukan wuce kilo 100, ko an kwashe cikinsu ma mutum ɗaya ba ya kwantar da su lafiya. Amfanin kwantarwar shi ne sinadari zai zauna inda aka sa shi, ba zai gangaro ya bar sawu a kan wurin da aka riga aka gama ba, kuma ba zai taru a gindi inda katakon ya fi rauni ba.

Wurin aiki ya kasance rumfa ce ko zaure mai buɗaɗɗun ƙofofi, akwai inuwa, iska na ratsawa, nesa da murhu da mai shan taba. Lokaci kuma yana da muhimmanci a garinmu fiye da yadda baƙo zai zata. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40, alhali asiton, wani sinadari mai ƙarfi da ke narkar da fenti, yana tafasa ne a digiri 56, ke nan kafin ya taɓa fentin ya riga ya bi iska, alkol na farmasi ma yana saurin bin iska. A lokacin hunturu kuma ƙura takan sauka a kan fentin da ya yi laushi ta zama kamar yashi a ƙarƙashin tsumma, ta kakkarce zanen. Abin da na ga ya fi shi ne a fara bayan sallar asuba a tsaya da hantsi, kafin rana ta ɗaga kuma kafin iska ta taso, sa'annan a lulluɓe akwatin da zane mai tsabta har gobe.

Maganar lafiya ba a wuce ta da sauri. Amurka ta hana sa dalma a fentin gidaje tun 1978, amma fenti mai dalma ya ci gaba da yawo a kasuwannin ƙasashen Afirka da yawa bayan haka, don haka hawan da aka shafa daga baya shi ne abin zargi. Duk wanda ya tuna yadda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce. Kada a goge wannan fenti da samfefa a bushe, kada a ƙona shi da wuta, kada yara da mata masu ciki su zauna a wurin. A sa tabarau da safar hannu ta roba mai kauri, a kuma sani cewa takunkumin yadi ƙura kawai yake tarewa, ba ya tare tururin sinadari.

Gwaji kafin aiki

A wanke gefen da tsumma wanda aka tsoma a ruwan sabulu mai ɗumi aka matse shi sosai, a bi da busasshe nan take. Mu da muka san darajar ruwa a Damagaram ba sai an ja mana kunne a kan ɓarnarsa ba, kuma a wannan aiki ƙarancinsa alheri ne: kofi biyu sun isa gefe guda.

Sai a zaɓi wuri a can ƙasa ta wajen baya, inda ido ba ya yawan kaiwa, a keɓe ƴan murabba'ai masu girman kwalin ashana da salatif na takarda. A jiƙa auduga da alkol mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari irin na farmasi, a goga a murabba'i na farko kamar minti ɗaya. Idan launi ya biyo audugar, fentin kuma ya yi danƙo, to fentin ruwa ne, kuma an yi sa'a. Idan ko gezau bai yi ba, fentin mai ne ko na feshi, aikin zai fi tsawo.

Ƙa'idar ita ce a fara da mafi rauni, kada a hau zuwa na gaba sai an tabbatar na baya ya kasa. Bayan alkol sai farin man tsarma fenti wanda ake rubuta wa White Spirit a kwalba. Shi da kananzir ba sa narkar da fentin mai da ya daɗe da bushewa, amma suna ɗauke maiƙo da ragowar gam ɗin takardun da aka manna. Bayansu sai maganin cire fenti mai kauri kamar koko, wanda ake sayarwa a shagunan kayan gini da sunan dekapan. Asiton da tina, wadda masu fentin mota a nan suka fi sani da diliyan, su ne na ƙarshe, domin ba sa bambance fentin sama da na ƙasa. Fetur kuwa ba ya cikin lissafi ko kaɗan, komai arharsa a bakin hanya, saboda tururinsa yana bin ƙasa ya kama wuta daga nesa.

A karanta bayan gwangwanin dekapan kafin a biya kuɗi. Idan an ga an rubuta dichlorométhane ko chlorure de méthylène, a mayar da shi. Wannan sinadari yana cinye duk hawan fentin har katako cikin ƴan mintuna, kuma shaƙarsa a rufaffen wuri tana kisa, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana sayar wa jama'a da shi, Amurka ma ta bi sahu a 2019. A nemi mai aiki a hankali, domin jinkirinsa shi ne yake ba mutum damar tsayawa a tsakanin hawa biyu. Sodar da ake haɗa sabulu da ita ma a bar ta, tana baƙanta katako, tana ƙona fata, kuma wanke ta yana buƙatar ruwan da akwatin ba zai jure ba.

Kowane sinadari a gwada shi a murabba'i uku, ɗaya minti 2, ɗaya minti 5, ɗaya minti 10, a rubuta sakamakon a littafi. Abin da ake nema shi ne lokacin da fentin sama ya saki, na ƙasa kuma bai fara laushi ba. Wani lokaci tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce minti ɗaya ba, don haka agogo ya kasance a gaban mutum.

Ainihin cirewar

Idan fentin ruwa ne, a shimfiɗa tsumma mai fari wanda aka jiƙa da alkol a kan wuri mai faɗin tafin hannu biyu, a rufe shi da leda don kada ya bushe, a jira adadin mintunan da gwaji ya nuna. Sai a ɗaga, a tura fentin da bakin katin roba, a kwance, ba a tsaye ba. Katin nan da ake ɓalle layin waya daga jikinsa ya dace da aikin sosai, domin yana da kaifin da zai ɗaga fenti amma ba shi da taurin da zai yanki leda. Wuƙa da reza da lebur ɗin ƙarfe kada su kusanci gefen da ke da zane. Sau da yawa fentin yakan taso a ƙudundune kamar fatar madara. Ragowar da ta maƙale a bi ta da sabuwar auduga, ana juya ta ana dubawa. Amfanin farin tsumma da farar auduga ke nan: muddin launin fentin sama kaɗai ake gani a jikinsu, a ci gaba, amma da zarar ja ko rawaya ko shuɗi ya bayyana, zanen ne ya fara tafiya, sai a ɗaga hannu a bar wurin ya bushe har washegari, domin fentin asali da ya yi laushi yakan sake taurara in an ƙyale shi.

Fentin mai shi ne mai gwada haƙurin mutum. A shafa dekapan da burushi a kan wuri kaɗan, da kauri, a shafa sau ɗaya kada a yi ta kai da komowa, a rufe da leda, a duba agogo. Idan lokaci ya cika za a ga fuskar fentin ta yamutse. A kwashe da kati zuwa cikin gwangwani, a goge wurin nan da nan da abin da aka rubuta a jikin gwangwanin cewa shi yake tsayar da maganin, in ruwa ne to da matsattsen tsumma. Kada a nemi cire hawa biyu a shafa ɗaya. A akwatina sai da na gama da koren gaba ɗaya a gefen, na bar shi kwana biyu, sa'annan na sake sabon gwaji a kan baƙin, wanda ya zama fentin ruwa ne kuma alkol ya ishe shi. Da na bi shi da dekapan kamar na sama, da na ci zanen ban sani ba.

Inda na yi asara shi ne kusurwar sama ta gefen hagu. Wani tabon kore ya ƙi fita, na gaji, sai na ɗora masa auduga mai diliyan na bar ta kamar minti uku ina amsa sallama a ƙofar gida. Da na dawo na ɗaga, jan launin zanen ya biyo ta har katako ya fito, wuri mai girman tafin hannu. Har yau in na dubi wurin raina yana sosuwa. Idan ya zama dole a yi amfani da asiton ko diliyan, to da ɗan tsinke mai auduga a baki, a taɓa a goge cikin daƙiƙa biyu ko uku, kuma kada a taɓa barin sa a zaune a kan zane.

Zafi ma yana taimakawa, musamman inda aka shafa fentin ruwa mai kauri a kan fuska mai santsi. Na'urar busar da gashi ta isa: a ɗumama wurin har ya yi laushi, a kama baki a ja a hankali. Bindigar zafi ta masu gini ta yi ƙarfi da yawa, tana kumbura ledar zane, tana sakin gam ɗin da ke riƙe da ita, kuma tana iya tayar da hayaƙin dalma. Idan zanen na leda ne, a riƙa tura kati daga tsakiyar hoton zuwa bakinsa, domin in aka zo daga waje katin zai shiga ƙarƙashin ledar ya ɗaga ta, sinadari kuma ya bi ta nan. A bar tazarar yatsa ɗaya daga bakin katakon dusa, a gama wannan siririn layi a ƙarshe da auduga mai ɗan danshi kawai.

Bayan an gama, yawanci akan ga wani hazo-hazo na tsohon fentin ya rage a cikin ƙananan ramukan fuskar. Farin soson goge datti da ake kira melamin yana ɗauke shi in an ɗan jiƙa shi, amma a sani cewa samfefa ce mai laushi ƙwarai, tana cin tawada in an dage. Ni ra'ayina, ɗan hazon da sai an matso kusa ake ganinsa ya fi zanen da ya koɗe saboda guga, kuma akwatin da ya shekara arba'in ba aibi ba ne a ga alamar shekaru a jikinsa.

Ƙarafa ba su da wannan wahala. Ƙofar kuɗi da maƙalai a fitar da su waje, a cire robobin da ke jikinsu, a shafa dekapan, a goge da burushin ƙarfe, a sa fentin kare tsatsa kafin baƙi. Allon suna da gilashin gaba kuwa a kula: hotonsu a bayansu aka buga shi, don haka bayan ba a taɓa shi da komai. Idan na gilashi ne na gaske, reza tana kankare fentin da ya ɗiga a gabansa. Idan na roba ne mai kama da gilashi, asiton yana narkar da shi, alkol yana sa shi tsattsagewa, sai dai ruwan sabulu da farce da haƙuri.

Idan zanen ba zai cetu ba

Wani lokaci wanda ya shafa fentin ya riga ya goge zanen da samfefa, ko ruwa ya cinye rabin gefen. A nan ma kada a yi gaggawar kankarewa. A fito da duk abin da za a iya fitarwa, a ɗauki hotonsa a tsaye daidai da ma'auni a gefensa, a shimfiɗa takarda mai shara-shara a bi layukan da fensir, a kuma yanke ɗan guntun kowane launi a ajiye don mai haɗa fenti ya gani da idonsa. Da waɗannan ƙwararren mai rubutun allo zai iya yanka faranti ya maimaita zanen. Sai bayan haka a cire sauran fentin da dekapan har katako, a cike ramuka da mastik, wato ƙullin toshe ramukan katako, kuma sai babu sauran tsohon fenti a kai za a kawo samfefa, a fara da mai lamba 120, a bi da 180, a ƙare da 220, ana bin tsawon katakon.

Gefen da aka ceto zanensa a bar shi mako guda a inuwa kafin a sa masa komai, don sinadarin da ya shiga jikinsa ya gama fita. Daga nan a shafa masa kakin goge mota siriri, irin wanda ba shi da gari mai kankara, a goge da yadi mai laushi. Ban ga hikimar shafa banish, wato man da ke sa katako sheƙi, a kan zanen asali ba, domin yakan yi rawaya da shekaru kuma cire shi zai mayar da mutum farkon aikin nan. Tarkacen fentin da aka kwashe a bar shi ya bushe a cikin gwangwaninsa a rufe, kada a zuba shi a kwata ko a bola inda awaki da yara suke kaiwa, tsummokaran kuma a shanya su ɗaya-ɗaya a waje su bushe kafin a tattara. Ranar da za a mayar da kayan ciki, a sake kiran mai gyaran talabijin ya ɗora nasa da hannunsa, ya kuma duba takardar da ke jikin na'urar wutar akwatin kafin a sa waya a bango, domin na Amurka an yi shi ne don volt 120, na Japan don 100, wutar gidajenmu kuwa 220 ce.